TUKUNYA DA KWALBA: LABARIN WANI MAI CIWON ƘODA A MAYIL WAN

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka Fatakwal ya nemi 'yan'uwansa, da wuya a ce bai bi ta Mayil Wan ba. Unguwa ce a cikin Diyobu, bakin titin Ikwere, inda kasuwa ke ci tun daga hantsi har faɗuwar rana, ko ana ruwa ko ba a yi. A nan ake samun masu albasa, da masu goro, da teloli, da masu gyaran takalma, da masu tsire waɗanda hayaƙinsu kan tashi da zarar an yi sallar Magariba. Galibinsu iyalansu na can Arewa, su kuwa suna nan suna nema, sai da salla ko lokacin shuka su leƙa gida su komo.

Cikin waɗannan bayin Allah akwai wani dattijo, mutumin ƙasar Haɗeja, wanda ba sai an ambaci sunansa ba, gama abin da ya same shi ya fi sunansa amfani ga mai karatu. Ya fi shekara talatin a Fatakwal yana sayar da kayan miyar Arewa, watau busasshen barkono, da kuka, da kuɓewa, da citta, da daddawa, da kanwa. Mutum ne mai haƙuri da tsare amana, abokan sana'arsa kuwa Alhaji suke ce masa. A duk waɗannan shekaru bai taɓa ɗora tukunya da kansa ba. Da safe shayi da burodi da soyayyen ƙwai, da rana gasasshiyar agada da kifi, abin da mutanen garin ke kira bole, da dare kuwa tuwo wurin wata Hajiya mai tuwo da ke bayan masallaci. In ciniki ya yi kyau a bi da tsire mai yaji, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Kafin ya kwanta kuma sai ya biya wurin mai kemis ya karɓi haɗin gajiya, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin 'yar leda, don ɗaukar buhu ya bar masa ciwon baya.

Cikin daminar 2022 sai takalminsa na kullum ya fara matse shi. Da safe ya ga fuskarsa ta ɗan tasa, da yamma ƙafafu su kumbura, in ya danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai koma ba. Fitsarinsa ya riƙa kumfa kamar an zuba sabulu, dare guda kuma ya tashi sau huɗu ko biyar. Da ya yi zancen a majalisa, sai kowa ya zama likita. Wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce sanyi ne na ƙasar ruwa, wani ya ce basir ne ya hau sama, wani kuma ya rage murya ya ce Alhaji ya bincika, kasuwa ba ta rasa mahassada. Ɗan ƙanensa, wani saurayi da ya gama sakandare yana taya shi tsaron rumfa, shi ne ya nace sai an je asibiti.

A asibiti aka auna jininsa aka tarar ya hau ƙwarai, ga alama kuwa ya shekara da shekaru a haka ba tare da ya sani ba. Aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗauki hoton ciki. Ran da suka koma karɓar sakamako, likita ya yi bayani da Turanci, yaron yana fassarawa.

"Baba, ya ce ƙodarku ce ta gaji. In an kasa aikinta kashi huɗu, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya ba."

Dattijo ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Tambaye shi, wanda ya tafi zai dawo?"

"Ya ce ba zai dawo ba, Baba. Amma ya ce wanda ya ragen yana iya riƙe ku shekaru, in kun sha magani, kun gyara abin da kuke ci, kun bar haɗin gajiya. Ya ce ba ku kai ga wankin ƙoda ba tukuna."

A nan ya kamata mai karatu ya san abin da ƙoda ke yi, domin wanda bai san aikin abu ba, ba zai san abin da ke ɓata shi ba. Ƙoda biyu ne, kowace kamar dunƙulen hannu, suna can baya ƙarƙashin haƙarƙari. A cikin kowace akwai 'yan ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. Kowace rana sukan tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi ko biyu a matsayin fitsari, tare da dattin da jiki ba ya bukata. Su ne ke daidaita gishiri da ruwa, su ne ke taimakon ɓargo ya ƙera jini, suna kuma da hannu wajen ƙarfin ƙashi da daidaita hawan jini. Manyan abubuwan da ke cinye su a ƙasar nan su ne hawan jini, da ciwon sukari, da kumburin matatan kansu, kana da magungunan da ake sha barkatai. Mugun halin ciwon shi ne ba ya sallama. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana ta harkokinsa bai ji kome ba. Likitoci sun kasa shi mataki biyar, na biyar shi ne inda aikin ya faɗi ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, a nan ne kuma ake fara zancen wanki ko dashe. Dattijon nan a mataki na huɗu yake.

Shi dai duk cikin bayanin nan kalma ɗaya ce ta tsaya masa a rai, watau wanki. Mutumin ƙasar Haɗeja ba baƙon wannan ciwo ba ne, gama an daɗe ana kuka da yawansa a garuruwan da ke bin kogin nan har zuwa Gashuwa ta Jihar Yobe. Ya san waɗanda aka sayar wa gona da shanu aka kai su Kano ko Maiduguri, daga baya aka dawo da gawa. Ya kuma san wankin ba na rana ɗaya ba ne. Ƙa'idarsa sau uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu, har iyakar rai ko har a sami dashe. Ko a 2025, da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sassauta kuɗin wanki a waɗansu asibitocinta, daga Naira 50,000 ne ta ce ta mai da shi Naira 12,000 kowane zama. Mai sayar da kuka da kuɓewa ya lissafa wannan sau uku a mako, ya ga inda zai kai shi. Dashe kuwa, ko da yake ana yinsa a Nijeriya tun 2000 da aka fara a asibitin St. Nicholas na Ikko, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara a 2002, magana ce ta miliyoyi, ga neman mai ba da ƙoda, ga magani na har abada.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ana nan ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga wani mai magani ya girke motarsa da lasifika a bisa, yana shela cewa ya zo da maganin da ke wanke ƙoda ba inji, ba allura, kwana ashirin da ɗaya an gama. Ya jera robobi cike da wani ruwa baƙi-baƙi, ya ɗaga hotunan mutane masu kumburarrun ƙafafu. Dattijo ya jira sai da jama'a suka ragu, ya matsa ya gaya masa abin da likita ya ce.

"Alhaji, ai gara da Allah ya haɗa mu," in ji mai magani. "Datti ne ya toshe ta, wannan kuwa zai kwashe shi tas. Amma da sharaɗi, kada ka haɗa shi da na asibiti, ba sa shiri. Kofi guda da safe, kofi guda da dare, ka kuma yawaita shan ruwa da jiƙon kanwa."

Ya biya kuɗin da ya kai na buhun barkono, ya ɓoye robobi ƙarƙashin tebur don kada yaron ya gani, ya kuma ajiye ƙwayoyin hawan jini. Makon farko kuwa sai abu ya yi kamar gaske. Fitsari ya yi ta zuba, kumburi ya saɓe, takalmi ya shiga. Har ya fara gaya wa aminansa a asirce cewa ashe sauƙi na kusa. Cikin mako na biyu abinci ya fita ransa, bakinsa ya riƙa ɗaci. Cikin na uku amai ya zo, shaƙuwa ta ƙi tsayawa, fitsarin da ke zuba ya ɗauke sai ɗigo, numfashi ya gagara in ya kwanta. Wata asuba aka ga bai fito salla ba. Da yaron ya tura ƙofa, sai ya tarar da shi yana sambatu, bai gane kowa ba.

Abin da ya gudu dominsa shi aka yi masa a daren nan. Liman ya yi shela bayan salla, masu albasa da masu tsire da teloli kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka haɗa da jarin rumfa aka biya kuɗin wanki. Sai da aka ɗora shi a inji sau huɗu kafin hankalinsa ya komo sosai, fitsari ya fara dawowa. Likita ya ce wa yaron ya je ya kawo abin da baffansa ke sha. Da aka kawo robar, ba suna, ba adireshi, ba bayanin abin da ke ciki.

To, me ya faru a jikin wannan bawan Allah? Ba wanda ya san abin da ke cikin robar nan, wannan kuwa shi ne babban aibinta. Sai dai likitocin ƙoda sun san hanyoyin da irin wannan jiƙo ke yin ɓarna. Na farko, yawan fitsari ba shi ne lafiyar ƙoda ba. Akwai itatuwa da ƙwayoyi masu tatse ruwan jiki, kumburi ya saɓe mutum ya yi murna, alhali kuwa ƙodar da ta riga ta raunana ƙishirwa ce ke ƙara kashe ta. Na biyu, waɗansu marasa tsoron Allah sukan niƙa ƙwayoyin kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen su zuba cikin jiƙo don mai sha ya ji sauƙi nan take. Waɗannan kuwa su ne dai ke cikin haɗin gajiya, kuma suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Na uku, ganyaye da sassaƙe da toka suna ɗauke da wani sinadari da ake kira fotashiyam. Mai lafiya ƙodarsa kan fitar da rarar, mai ciwo kuwa taruwa yake yi a jini har ya tsayar da zuciya ba zato ba tsammani. Na huɗu, barin maganin hawan jini kaɗai ya isa ya rushe abin da ya rage.

Akwai kuma itatuwan da su kansu dafi ne ga ƙoda, wannan kuwa ba a ƙasar Hausa kaɗai aka gani ba. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam, mata fiye da ɗari suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba da aka yi da itatuwan ƙasar Sin. Da aka bincika sai aka gano an sa wani tsiro mai suna Aristolochia a madadin wani. Da yawa daga cikinsu sai da aka kai su ga wanki ko dashe, waɗansu kuma daga baya suka kamu da sankarar mafitsara da hanyoyin fitsari. Wannan tsiro yana da dangi a dajinmu, shi ne wanda ake kira duman dutse, waɗansu su ce maɗacin ƙasa, ana kuwa jiƙa saiwarsa a sha. Ɗacin abu ba shi ne shaidar magani ba.

Kada kuma a ɗauka haɗarin a kan mai jiƙo kaɗai ya tsaya. 'Yan'uwa da ke zaune Anacha sun san babbar kasuwar magani ta bakin gada, wadda ƙwayoyinta ke bazuwa har Inugu da Fatakwal da Arewa. Hukumar NAFDAC ta rufe ta a 2007 zamanin Farfesa Dora Akunyili, ta kuma sake rufe ta a 2025, duk a kan jabun magunguna da waɗanda suka lalace. Saboda haka mai ciwon ƙoda, ko ƙwayar Bature ce, bai kamata ya haɗiye ta ba sai wadda likitansa ya rubuta, daga kantin da aka amince da shi.

Wannan ba raina maganin gargajiya ba ne. Daga ɓawon itace aka samo kwinin, daga wani ganye na ƙasar Sin, ɗan'uwan tazargade, aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau, a Abuja kuma masana sun haɗa maganin sikila daga itatuwan ƙasar nan. Amma duk waɗannan sai da aka auna su, aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa. Har yau kuwa ba a sami wani ganye ko saiwa da aka tabbatar yana rayar da matatan ƙodar da suka mutu ba. Ko lambar NAFDAC da ake gani a jikin kwalaben maganin gargajiya, ba shaida ce cewa yana warkar da abin da mai shi ya faɗa ba. Shi kansa zoɓo, da bincike ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini, da zogale, da goruba, da habbatus sauda, abin da ya dace da mai lafiya ba lalle ne ya dace da wanda ƙodarsa ta kasa ba. A tambayi likita tukuna.

Allah ya yi da sauran kwanan dattijon nan. Ƙodarsa ta farfaɗo gwargwadon da aka cire shi daga inji, ko da yake ba ta koma inda take kafin ya sha jiƙo ba. Kafin a sallame shi aka tura shi wurin wata ma'aikaciya mai ilmin abincin marasa lafiya. Ta ɗauki lokaci tana bayani, ta ba su takarda. Da suka fito, dattijo ya dubi takardar ya dubi yaron ya ce, "Duk na ji. Amma wa zai dafa?"

Wannan tambaya ita ce ainihin matsalar ɗan kudu. Mai iyali a kusa sai ya ce wa uwargida ta rage gishiri. Wanda ke kwana a ɗaki guda da mutum uku, yana cin abincin saye sau uku a rana, ba shi da iko a kan tukunya. Matarsa na can gida da yara 'yan makaranta da tsohuwa, ba halin ta zo. Yaron ne ya yi dabara, ya ɗauki takardar ya tafi wurin Hajiya mai tuwo, ya karanta mata daga farko har ƙarshe. Ta saurara, ta ce, "Shekara ashirin Alhaji na cin tuwona, bai taɓa riƙe mini ko kwabo ba. Ka bar mini wannan." Washegari ta sayo wata 'yar ƙaramar tukunya. Tun daga ranar, kafin ta zuba gishiri da dunƙule da kanwa a babbar tukunya, sai ta ɗebi na Alhaji ta ƙarasa shi daban.

Abu na farko da takardar ta yi magana a kai shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya wuce giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da wanda ke cikin burodi da duk abin da aka ci. Gishiri na riƙe ruwa a jiki, ya hau da jini, ya ƙara wa ƙoda kaya. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne gishiri ba fari kaɗai ba ne. Dunƙulen miya yawancinsa gishiri ne. Yajin tsire da na kilishi cike suke da shi, haka kifin gwangwani da garin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda. Ita kanta kanwa, wadda dattijon ya shekara talatin yana aunawa yana sayarwa, sinadarin da ya fi yawa a cikinta shi ne sodiyam, wanda ke cikin gishiri. Saboda haka kunun kanwa, da ɗanwake, da jiƙon kanwa na ciwon ciki duk suka fita daga hanyarsa. Aka kuma gargaɗe shi game da wani gishiri da ake sayarwa a kantuna da sunan na masu hawan jini, gama fotashiyam aka sa a madadin sodiyam, ga mai ciwon ƙoda kuwa wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Hajiya sai ta koma ga abin da iyaye ke yi kafin zuwan dunƙule: daddawa kaɗan, albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, da 'yar tsamiya. Makon farko Alhaji ya ce miyar salam take kamar ruwa. Bayan wata guda, da ya ɗanɗana ta babbar tukunya, sai ya ce gishiri ya yi mata yawa.

Na biyu shi ne nama. Dattin da ƙoda ke fitarwa galibi daga abinci mai gina jiki yake fitowa, watau nama, kifi, ƙwai, wake da madara. Ga wanda bai kai ga wanki ba, masana sun ba da shawarar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, watau mai kilo 60 ya tsaya wajen giram 48, a haɗa da wanda ke cikin hatsi. A aikace, tsire tsinke biyar ya koma yanka biyu a miya, ko gutsuren ɗanyen kifi da aka dafa, ko farin ƙwai. Ba a ce a daina ba sam, gama yunwa ma kisa take, mai ciwon da ya rame kuwa ba ya jure kome. Wanda kuma aka riga aka fara yi wa wanki, nasa hukuncin dabam ne, shi ƙari ma yake bukata, don inji na tafiya da wani abu daga jikinsa.

Na uku shi ne fotashiyam ɗin nan. Da yake awon jininsa ya nuna ya yi sama, sai aka ce ya yi nesa da agada, da ayaba, da fiya, da ruwan kwakwa, da dabino mai yawa, da tumatirin gwangwani, da ruwan toka. Rabuwa da bole ta yi masa zafi, don abincin ranarsa ne tun yana saurayi. Doya da dankali kuwa aka koya wa Hajiya dabara: a fere, a yanka ƙanana, a jiƙa, sa'an nan a dafa cikin ruwa mai yawa a zubar da ruwan. Haka alayyafo da zogale, a tafasa a tsiyaye kafin a sa a miya. Shinkafa, da tuwon masara, da kabeji, da kokwamba, da albasa, da ɗan yankan abarba, waɗannan an sake masa su. Amma a lura, ba kowane mai ciwon ƙoda ake hana wa 'ya'yan itace da ganye ba. Wanda fotashiyam ɗinsa ke daidai, amfani ma suke yi masa. Awon jini ne alƙali, ba abin da aka hana maƙwabci ba.

Na huɗu wani sinadari ne mai suna fosfaras, wanda in ya taru yakan sa ƙaiƙayi ya kuma raunana ƙashi. Yana da yawa a baƙin lemon kwalba, da kayan ciki, da madara da nono in sun yi yawa, da abincin gwangwani. Na biyar kuwa ruwa ne. Maganar da ake yi cewa yawan shan ruwa na wanke ƙoda, gaskiya ce ga mai lafiya da ke aiki cikin rana, da mai tsakuwar ƙoda. Amma wanda ƙafarsa ke kumbura, fitsarinsa ya ragu, ruwan da ya sha fiye da kima a huhunsa zai taru. Likita ne zai faɗi adadin, a zuba a gora guda tun da safe, a san abin da aka sha, har da koko da shayi da romo.

Da azumi ya gabato, dattijo ya shiga damuwa, gama tun da ya balaga bai taɓa sha ba. Likita ya ce a halin da ƙodarsa ke ciki, wuni ba ruwa cikin zafin Fatakwal haɗari ne. Ya tafi wurin liman ya kai ƙara.

"Alhaji," in ji liman, "wanda ya wajabta azumin shi ne ya yi wa mara lafiya rangwame. In ciwon na warkewa ne ka rama, in ba na warkewa ba ne ka ciyar. Kada ka fi addini tsanani."

Ya ciyar, yana hawaye. Hajiya ce ma ta riƙa dafa abincin da ake kai wa mabukata a madadinsa.

Ba za a ce dattijon nan ya warke ba, shi ma bai taɓa faɗin haka ba. Yana shan maganin hawan jini kowace safiya, yana zuwa awo duk bayan wata uku, ya sayi ɗan abin auna jini ya ajiye a rumfa, wanda yanzu rabin layin ke amfani da shi. Ciwon baya in ya motsa, sai ruwan ɗumi da ƙwayar farasitamol gwargwadon yadda aka ce masa, buhu kuwa ya bar wa yara. Ya san wata rana ana iya cewa lokacin inji ya yi. Amma shekara uku ke nan ba a sake ɗora shi ba, cikin shekarun nan kuwa ya aurar da 'yarsa, ya ga jikansa na fari, ya biya bashin da aka ci dominsa. Tukunyar Hajiya ma ta daina zama ta mutum ɗaya, gama masu hawan jini huɗu sun shiga layi, har ta sayi wadda ta fi ta girma.

Abin da labarin nan ke nunawa a fili yake. Abinci na taimakon ƙoda ƙwarai, amma tare da maganin asibiti yake aiki, ba a madadinsa ba, kuma aikinsa tsare abin da ya rage ne, ba dawo da abin da ya tafi ba. Duk wanda ya ce zai wanke ƙoda da kwalba cikin kwana ashirin da ɗaya, aljihu zai wanke. Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa na Fatakwal da Anacha da Inugu su dubi wannan al'amari. Kuɗin da ake tarawa a masallaci don wankin mutum ɗaya ya isa a gayyato ma'aikatan lafiya su auna jini da sukari da fitsarin unguwa guda, ko da sau ɗaya ne a shekara, misali ranar Alhamis ta biyu ta watan Maris da duniya ta keɓe don tunawa da ƙoda tun 2006. Masu sayar da abinci kuma a roƙe su su yi koyi da Hajiya, gama lafiyar dubban magidanta a ludayinsu take.

Kwanan baya wani matashi mai tura baro ya zo rumfar dattijon sayen kanwa, ya ce ƙafarsa ce ke kumbura, an ce ya jiƙa ya sha. Alhaji ya dube shi, ya mayar da kanwar cikin buhu, ya jawo abin auna jini ya ce, "Zauna tukuna, ɗana. Miƙo hannunka."

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.